Ranar da Aka Kaɗa Sunan Kaka

Jikata ta zo mini da wata 'yar kwalba, wai in tofa yawu a ciki. Za ta aika ƙasar Turawa a duba, a gaya mana daga inda muka fito. Na dube ta, na dubi kwalbar. Ni da ko gashin da ya fita a wajen kitso sai na tattara na binne, yau da tsufana zan cika kwalba da yawuna in miƙa wa mutanen da ban san iyayensu ba? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, ke dai ko ruwan sama sai kin shinshina kafin ki yarda ruwa ne." Ban musa mata ba, haka Allah ya yi ni. Abin da ke cin ranta shi ne ta san dalilin da ya sa kakata ta baro ƙasarsu ita kaɗai, mace, ba wa ba ƙane, ta zo Tamale ta auri baƙo. Tana ta latsa waya, tana tambayar mutanen da su ma wayar suke tambaya. Na ce ta mayar da kwalbarta jaka ta zauna. A zamaninmu in ana neman asalin mutum ba yawu ake aikawa ba, tsoho ake aikawa, kuma ni na ga abin da ke biyo tsohon in ya dawo.

Gidanmu yana zango, ta wajen da ake gangarawa Sakasaka. Yanzu in na tsaya a ƙofar ba na jin komai sai babura da motocin nan masu ƙafa uku, da lasifikar masallatai suna rige-rige. A da kuwa gari a hankali yake tashi. Zabi ne ke fara surutu a kan katanga, ladan ya yi kira da maƙogwaron da Allah ya ba shi, sannan turame su shiga amsa wa juna daga gida zuwa gida, har kana iya gane wadda ta kwana da fushi daga yadda taɓaryarta ke sauka. Mu 'yan mata mu ɗauki garewani mu nufi dam ɗin Bulpiela, domin Tamale tun can ba ta taɓa ƙoshi da ruwa ba. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Muna tafe muna gulma da Hausa, mu yi ciniki da Dagombanci, mu yi zagi da ɗan Turancin da muka tsinta a bakin 'yan makaranta. Lokacin ne Turawa ke harhaɗa kayansu. An kafa akwatin rediyo a bakin titi, maza na taruwa ƙarƙashinsa bayan la'asar, yara na bin lori da gudu suna ihun "Firidom", wato 'yanci, mata na yanka zane mai hoton manya. Murna ce, ba ƙarya. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wata tambaya da ba a saba yi a zango ba: in ƙasa ta zama tamu, su wa ke nan mu? Mutanen da suka tsufa suna cin tuwo a akushi ɗaya suka fara tambayar juna, wai cikin wasa, ina aka binne cibiyar kakanka. Ni dai ban taɓa yarda wasa ne ba.

Kaka, mahaifiyar babana, man kaɗanya take yi. Mu ne masu fasa ƙwara, mu soya, mu daka, mu niƙa a dutse har tafin hannu ya yi kanta, ita kuma ta zauna gaban babbar ƙwarya tana bugun ƙullun har farin mai ya taso. Ba ta da yawan magana. Abin da duk jikokinta muka haddace daga bakinta shi ne, "Yi aikinki, bar kunnenki ya huta." Kakanmu namiji kowa ya san labarinsa. Bakatsine ne mai jakuna, ya sha hanyar goro har ya gaji, ya zauna a Tamale tun barikin Turawa bai wuce 'yan bukkoki ba. Ana kiran sunan ubansa da na unguwarsu. Amma in aka zo kan Kaka sai labari ya tsinke. "Daga gabas," shi ke nan. Gabas kuwa tana da faɗi, har Makka tana ciki. Ba wanda ya taɓa sallama a ƙofarmu ya ce shi ɗan'uwanta ne, ba a taɓa aiko mata da doya ba, ba a taɓa aiko mata da labarin mutuwa ba. Tana kuma da dokokin da ba na kowa ba. A gidanmu ba a kiɗan ƙwarya ko da ranar suna ce. In yaro ya kifa kwano ya fara bugawa, tana iya tsallake murhu ta fizge. Ran Litinin da Juma'a, in lunsi suka biyo ta layinmu, wato makaɗan Dagombawa masu gangar nan lunga da ake matsewa a hammata kamar kalangu, kowa na fita kallo, ita kuwa sai ciwon kai ya kama ta, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ga kuma Baba Ƙarami, ƙanen babana, wanda hankalinsa ya gushe tun yana saurayi. Ba ya duka, ba ya zagi. Yana zaune a gindin dogon yaro yana buga ƙirjinsa da yatsu daga safe har yamma, Kaka ta kai masa tuwo ta ajiye ba ta iya duban hannun nan. Tun ina ƙarama nake tara waɗannan abubuwa a raina, ban san ranar amfaninsu ba.

Sai ga Tela. Haka zan kira shi, ya isa. Shagonsa na kan hanyar dam, kuma keken ɗinkinsa na da wata ɗabi'a: in mun doso sai ya yi shiru, in mun wuce ya ci gaba. Ni na fara lura, don ni ce mai lura. Na ce wa ƙawayena mutumin nan ko ɓarawon garewani ne, ko kuma yana son wata a cikinmu. Ashe ni ce. Na ba shi wahala yadda ya kamata. Da ya ɗinka mini riga kyauta na juya ta ciki da waje a gabansa, ina lalubar kalmasar ko ya cusa laya. Ya riƙe baki ya ce, "Ke, in mutum ya ce miki sannu ma sai ya kawo shaida?" Na so shi. A lokacin ban taɓa faɗa da baki ba, amma yanzu da ba sauran wanda zan ji wa kunya, zan faɗa: na so shi har in na doso shagon ruwan kaina sai ya fara zuba mini a wuya. Iyayena sun yarda. Nasa kuwa gidan allo ne tun kaka da kakanni, kuma baffansa, wanda kowa ke kira Malam, shi ke riƙe da maganar gidan. Aka kawo goron gaisuwa, aka karɓa, sai aka shiga binciken asali.

Yaran yanzu ba su san wannan ba. Su a makaranta ko a waya suke haɗuwa, kafin iyaye su ji an riga an zaɓi zanen biki. A da, kafin a ɗaura aure, kowane ɓangare na tura tsoho mai sanyin baki ya zaga. Ba ya tambaya kai tsaye. Zai zauna wurin wanzami a yi masa aski ko da kansa fes yake, ya sayi goro wurin wata tsohuwa, ya ce shi baƙo ne, gidan wane kuwa mutanen kirki ne? Abin da ake nema sananne ne: kuturta, hauka, maita, bauta, dogon hannu. Namu tsohon ya zaga gidan Malam ya dawo da yabo. Nasu ya zaga namu, ya bi layin kakanmu namiji a bakin tsofaffin fatake har Katsina, komai lafiya lau. Haukan Baba Ƙarami ma aka ce ai iska ce, tana iya samun kowa. Da ya juyo kan Kaka sai ya ci karo da bango. Malam ya aiko wa Baba cewa su ba su ƙi ba, ba su ce komai ba, amma a faɗa musu suna ɗaya kawai, na ƙauye ko na mutum.

Baba ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa. Ina bayan zana da tsintsiya a hannu, ina sharar wurin da na riga na share.

"Mma, suna ɗaya kawai suke so."

"Na ce gabas."

"Mma, auren yarinyan nan ne fa."

"In suna so su aura, in ba su so su bari. Ni ba kaza ba ne da za a ɗaga fiffikena a kasuwa."

Magana ta fita, don a zango katanga ba ta tare komai sai awaki. In na isa dam sai hira ta mutu. Wasu suka ce a kasuwar bayi ta Salaga aka sayo ta, kakanmu ya rufa mata asiri. Wasu suka ce koro ta aka yi daga ƙauyensu kamar yadda ake koro mayu a ƙasar nan, in ba haka ba ina 'ya'yanta maza da suka yi ta mutuwa suna ƙanana, ga ɗaya kuma a gindin bishiya? Ni da aurena ke rataye a bakinta, na fi kowa bincike. Na ɗauki zargin ɗaya bayan ɗaya ina aunawa. Na ƙura wa yatsunta ido tana bugun mai, ban ga alamar kuturta ba. Na dubi tsagar fuskarta, irin ta Dagombawa ce, ba a sake yanka wata a kanta ba kamar yadda ake yi wa bayi. Saura maita. Na shiga lura da wanda take fara kallo da safe, da yaron da ta shafa wa kai, ko zai wayi gari da zazzaɓi. Wata rana ta zuba mini tuwo da hannunta, na gutsura a ɓoye na jefa wa kaza na tsaya ina jira. Ashe tana kallona.

"Kazan ya mutu?" ta ce.

Na ce a'a.

"To ci, kafin ya huce."

Ta juya ga ƙwaryarta. Na ci.

Malam bai zauna ba. Hanyar da Kaka ta bi da ƙafa tana budurwar mace, yanzu lori na cinye ta a wuni. Ya sa tsohonsa a motar Yendi, can gabas, da abin da aka iya tattarawa: ga irin tsagar, ga kimanin lokacin, zamanin da Jamus ke riƙe da wancan ɓangaren, mace da ta ɓace tare da ayarin Hausawa. Tsohon ya bi kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya, ya yi aski har fatar kansa ta gaji, ya dawo ya ce bai samo komai ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai duk kasuwar da ya zauna ya bar tambayarsa a can, wasu kuma sun ɗauka sun kai gida.

Wata Juma'a ce, an sauko daga masallaci, rana na tsaka. Muna suyar ƙwara a tsakar gida sai muka ji lunsi daga bakin titi. Kaka ta tashi kamar kullum ta nufi ɗaki. Amma kiɗan bai wuce ba. Ya zo daidai ƙofarmu ya tsaya, sannan ya sauya, ya yi nauyi, ya ja. Na ga Kaka ta sandare da hannu a kan ƙofa. Na leƙa waje. Wani tsoho ne siriri, idonsa ya fara fari, da lunga wadda icenta ya yi baƙi don tsufa, wasu majiya ƙarfi biyu na bayansa suna amsawa. Ya ɗaga murya yana jero sunaye da wani tsohon Dagombanci da ya fi ƙarfin nawa na kasuwa. Abin da na tsinta kawai shi ne wane ya haifi wane, wanda ya kaɗa wa sarki wane ranar yaƙi, wanda ya haifi wane. Layinmu ya cika maƙil. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya da buzayensu a hammata, har da Malam. Sunayen suka yi ta gangarowa, suna matsowa, sai ya kira wani sunan mace da ban taɓa ji ba, ya saki gangar ya yi shiru.

Daga bayana na ji an amsa. "Naa."

Kaka ce. Ta fito ba mayafi, hannunta duk mai, ta durƙusa a gaban tsohon a cikin ƙura tana kuka irin na yarinya. Ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ranar. Baba Ƙarami kuma ya tashi daga gindin bishiyarsa, ya ratso mutane, ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar ya bar shi a nan. Har yau ban san abin da zan ce game da wannan ba, kuma na daɗe ina juya shi.

Tsohon wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya juya ga taron da Hausarsa ta kasuwa, ƙirji a buɗe, ya ce, "An zo ƙasanmu ana tambaya ko ƙanwana baiwa ne, ko mayya ne. Kunya ya hana ni barci. To ga asali, kun ji da kunnenku. Gidanmu ne yake riƙe da sunan sarakuna. Wanda kakanninsa suka kai nawa yawa, ya fito ya ƙirga." Wani sanyi ya sauko mini tun daga kai. Ba mayya ba ce, ba baiwa ba ce, tana da kakanni sun fi na kowa a layin. Na nemi fuskar Malam a cikin mutane don in ga murmushi. Na same shi yana naɗe buzunsa da kyau, kamar bai riga ya naɗe ba.

Da aka watse, aka shigo da baƙi tsakar gida aka ba su ruwa, a nan muka ji sauran. A gidan lunsi, 'ya mace ba ta kiɗa, amma in ta yi aure ta haihu dole ta mayar da ɗa namiji ɗaya gidan ubanta ya koyi ganga. In ta hana, sun ce gangar da kanta za ta bi zuriyarta da ciwo da hauka da mutuwa har sai an biya ta. Kaka ta yi auren fari a can. Ta haifi namiji, yana fara iya magana aka zo aka ɗauke shi aka kai gidan wannan wan nata, a wani gari. Ƙyanda ta kashe shi a can. Sai aka ce mata tunda bai kai ga rataya ganga ba, ba a biya ba, na gaba ma za a kawo. A makon nan wani ayarin Hausawa ya sauka a bakin ƙauyensu, tana kai musu abincin sayarwa. Da suka tashi ta bi su. Ta zaɓi mutumin da ya fi kowa nisan gida, wanda bai san dokar ba kuma ba shi da wanda zai gaya masa, ta aure shi a garin da kowa baƙo ne.

"A ɗakinka ya mutu," ta ce wa wanta, "ba a aiko mini ba sai da aka binne."

"An aiko. Kogi ya cika, ɗan aike ya kwana a gaɓa." Sannan ya ce, "Da ikona ne da na yafe tun ranan. Ba mu ne muke nema ba, lunga ne yake nema."

Ya tambayi 'ya'yanta. Aka ce ga Baba, ya yi furfura, hannunsa ya riga ya bushe, ba zai koyi kiɗa ba. Ga Baba Ƙarami. Tsohon ya girgiza kai ya ce wannan kama shi aka yi, ba ba da shi aka yi ba. Ya tambayi 'ya'yan Baba, aka ce duk mata ne. Ya ce wace ce babba. Duk gidan suka juyo suka dube ni, har da mahaifiyata. Ya ce, da murya mai taushi kamar mai ba da kyauta, in na haifi namiji na fari a kai shi, kowa ya huta. Washegari ya hau lori ya koma yana ganin ya wanke mu a idon duniya. A nasa lissafin ya kawo mana sarauta ne har gida.

Baba ya je wurin Malam da safe. Da ya dawo yana ba mahaifiyata labari, ina kusa. Malam ya ce da baiwa ce da ya rufe ido, wannan ya wuce, kowa ɗan Adam ne. Amma wannan abu ba baya yake kallo ba, gaba yake kallo. Jikan gidan allo ya rataya ganga yana bin mutane a kasuwa yana roƙo? Baba ya ce su a wurinsu ba roƙo ba ne, girma ne. Malam ya ce, "A wurinsu." Baba ya ce to ai kai da bakinka kake wa'azi cewa irin wannan camfi ne, a ɗaura auren mana, in an haihu mu ƙi bayarwa. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Camfi ne mana. Amma ka dubi ƙanenka." Kafin azahar aka aiko cewa sun janye. Na ji zafin janyewar, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan amma ɗin. Mutumin da ya fi kowa cewa babu, ashe shi ma yana waiwaye.

Tela ya tare ni a hanyar dam da hantsi, garwa a kaina. Ya ce yana da aboki mai shago a zangon Kumasi, can Kurmi, akwai malamin da zai ɗaura mana aure a can ba tambaya. Ranar kasuwa mai zuwa lori zai tashi. "Kurmi da nisa," ya ce, "wa zai bi mu can da ganga? Zamani ya canja, Firidom ne yanzu, ga asibiti ga allura." Na ce zan yi tunani, zuciyata kuwa ta riga ta hau lorin ta zauna.

Na sami Kaka ita kaɗai tana cura mai a ƙananan ƙore. Na gaya mata. Na ɗauka ita da ta yi gudu za ta ce in gudu.

"Tafiya ba wuya," ta ce. "Na yi, ƙafa ne kawai. Amma duk yaron da ya yi tari sai ki ji kamar ke ne kika shaƙe shi. Duk wanda na binne, na san abin da na sani, ni kaɗai." Ta goge hannu a zane. "Abu ɗaya ya taimake ni. Kakanku ya mutu bai sani ba. Bai taɓa dubana da wani ido ba, in yaro ya mutu tare muke kuka. Naki ya sani."

Ana gobe kasuwa na tsaya a ƙofar shagonsa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ina da tambaya. Ya yi dariya ya ce da ma ya san ba zai tsira ba. Na ce in mun je Kumasi na haifi namiji, ya kwanta da zazzaɓi, me za ka yi? Ya ce asibiti. Na ce in ya mutu fa? Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Subhanallahi, bar wannan maganan, ba kyau." Na ce in ya girma ya zauna a gindin bishiya yana buga ƙirji, wa za ka duba? Bakinsa na motsi da addu'a, hannunsa ya tafi da kansa ya dafe layar da ke wuyansa, idonsa kuma ya sauka a kan cikina, cikin da ba komai a ciki. Bai daɗe ba, ya ɗauke, ya ce ai Allah ne mai komai. Amma na gani. Yana sona, wannan ban taɓa zarginsa ba. Sai dai na hango mu a wani ɗakin haya a Kurmi, ba uwa ba uba, yaro na numfashi sama-sama a tsakaninmu, shi kuma yana yi mini wannan kallon. Na ce masa ba zan je ba. Ya roƙe ni har muryarsa ta dushe. Washegari lori ya tashi da shi da kekensa, don ya ce ba zai iya zama a garin da zai riƙa ganina ina wucewa ba. Na yi kuka a dam, inda ba mai gane ruwan fuska daga ina ya fito.

Daga baya na auri wani Badagombe manomin gyaɗa daga Sagnarigu, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Shi da ya ji labarin murna ya yi. Ya ce in namijin ya zo da kansa zai goya shi ya kai, har ya sa aka sassaƙa 'yar ƙaramar lunga ya rataye a ɗaki tana jira. Na haihu, mace. Na sake, mace. Haka na yi ta jero su har haihuwa ta tsaya. Kaka ta rasu, wanta ya rasu, waɗanda suka gaje shi suka shiga makaranta da aikin gwamnati, ba wanda ya sake zuwa ƙofarmu neman kowa.

Sau ɗaya na sake ganin Tela, da ya zo ta'aziyyar wani ɗan'uwansu. Ya zama Alhaji, ya yi jiki, ga samari reras a bayansa, duk nasa, duk lafiyayyu. Ya sallame su ya ƙaraso inda nake zaune. Muka gaisa gaisuwar tsofaffi, gida, gajiya, haƙurin rashi. Sai ya rage murya.

"Yaron fa? Na wajen lunsi. Ya iya kiɗan?"

Na ce, "Ban haifi namiji ba."

Ya dube ni kamar bai ji Hausar ba. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Akwai wani turmi a kife a gefen zaure. Ya lalubo shi da hannu ya zauna a kai da babbar rigarsa mai aiki, ana ta kiransa daga waje mota na jira, bai amsa ba.